Tazarar Yatsa Biyu

To, ku matso kusa, ku kife wayoyin nan a kan tabarma, ku ara mini kunnuwanku. Abin da zan faɗa muku ba tatsuniya ba ce, ko da yake in na kai ƙarshe wasunku za su ce ita ce. Da idona na gani, a jikina kuma na ɗauko shaidarsa.

Ni matar maharbi ce. Ban taɓa zama a aji ba. Abin da na sani a tsakar gida na tsince shi, ina kallon mutum ɗaya yana shirin shiga daji shekara da shekaru. Maigidana, Allah ya jiƙansa, da adaka yake farauta, bindigar nan ta maƙera da ake yi wa ɗuri ta baki. Ya zuba albarushi, ya tura tsumma, ya danna da sandar ƙarfe, sannan ya auna abin da ya rage na sandar a waje da yatsunsa. Yatsa uku na barewa ne. Yatsa huɗu na babban nama. Ban taɓa ganin ya wuce huɗu ba. Yakan ce mini bindiga baki biyu gare ta, tana harbi gaba, tana harbi baya kamar jaki. Na gaba na nama ne, na baya na mai ita.

Wata rana da hantsi aka shigo mini da shi a kan jaki, mutum biyu suna tallafe da shi. Kafaɗarsa ta dama ta sauka, hannun yana reto kamar ba nasa ba. Ya harbi gwanki a bakin kurmi, gwankin ya faɗi, shi ma ya faɗi. Kafin azahar gari ya gama yanke hukunci. Kowa ya san gwanki dabba ce mai ƙwari, ba a kashe shi a tafi salin-alin. Wanda ya harbe shi ba da shiri ba, ko hankalinsa ya taɓu ko jikinsa. Aka ce ƙwarin gwankin ne ya biyo ta cikin bindiga ya dawo masa. Maɗori ya zo ya yi nasa, aka yi turare, aka sha rubutu. Ƙashi ya haɗu, amma hannu bai ƙara wuce ƙirji ba. Daga ranar tafiyarsa ta sauya: kafaɗa ɗaya a ƙasa, kai a ɗan karkace, kamar mai sauraron wani abu a cikin aljihunsa.

Sai da aka shekara biyu, wata safiya ina gasa masa wurin da ruwan zafi da man kaɗanya, gidan ba kowa, ya ce da ni bai ko juyo ba, "Ba gwanki ba ne."

Na ci gaba da gashin.

"Ɗurin yatsa shida na yi wa adakar, don an ce mini naman ƙato ne. Da na ɗaga ta sai na tuna abin da na zuba. Sai kafaɗata ta ja baya da kanta. Tazarar yatsa biyu, ba ta fi haka ba. Bindiga in ka manna ta a jikinka ture ka kawai take yi. In ka ba ta wuri, da gudu take tahowa ta same ka." Ya nisa. "Tsoro ne. Kada kowa ya ji. Balle babban."

A gidan maharba, a ce iska ta taɓa mutum ya fi masa sauƙi da a ce ya tsorata. Na ce masa ba mai ji. Ya ƙara shekara bakwai ya rasu, na binne maganar tare da shi.

Babban da yake nufi ɗana ne na fari. Ku na yanzu ƙila ba ku san wannan ba. A wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta taɓa shi. Tun da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, hannuna bai ƙara sauka a jikinsa ba. In ina so ya ci abinci sai in dubi bango in ce, "Mutane dai ba sa jin yunwa a gidan nan." In zazzaɓi ya kama shi, ƙanwarsa nake aikawa ta taɓa goshinsa ta zo ta gaya mini. Ba ƙi ba ne. Kunya ce, haka na tarar, haka na yi.

Shi ne ya yi boko har ya ƙetare teku, ya zama injiniyan gadoji a Manchester. Autata ta bi shi daga baya, ta yi aure a Birmingham tana aikin jinya. Da matarsa ta yi haihuwa ta uku suka ɗauko ni in taya reno. Da niyyar wata shida na zo, na yi shekaru.

A Whalley Range muke, wata unguwa a Manchester, cikin wani tsohon gidan attajirai da aka yanyanka aka raba wa iyalai shida. A falonmu akwai ƙofar da in ka buɗe ta sai ka tarar da bulo. Akwai matakalar da ta hau ta hau, ta je ta tsaya a silin. Nakan tsaya in dube ta in ce, waɗanda suka saba hawa nan, ina suka nufa? A ƙarshen lungu kuma, bayan labule, akwai akwatin ƙarfe dogo kamar an jingine makara a tsaye, an kafe shi da bango. A nan bindigar ɗana take.

E, bindiga. Duk nisan nan da ya yi, ita ya je ya nemo. Ya sha wuya kafin a ba shi lasisi. 'Yan sanda suka zo har gida suka jijjiga akwatin, suka tambayi likitansa ko kansa ƙalau yake. In kaka ta yi sai ya tafi arewa can cikin duwatsu, gonar wani Bature da manyan bareyi suka addaba, ya yi bisimilla ya harba, ya dawo da nama a but ɗin mota. Ni nake yin dambunsa. Bindigar ba ta yi kama da adaka ba. Baƙa ce siririya da madubi a kanta, harsashinta ya fi yatsana na tsakiya tsawo. Ina kicin na ji yana gaya wa matarsa cewa in ta tashi, kamar a ɗaga buhun gero ne a jefe ka da shi a kafaɗa.

A shekarun nan ne da ake ta cewa gwamnati ta tsuke bakin aljihu, kome ka tambaya a ce an rage ko an rufe. Wani farkon hunturu ɗana ya dawo da nama bai dawo da fara'a ba. Ya ce da matarsa naman da ya harbo babban namiji ne mai fari-fari a fuska, ya gan shi sarai, ya tsaya yana kallonsa bai gudu ba. Kwana tara bayan haka ya zame a kan ƙanƙara a ƙofar gida. Matakala uku kacal. Ya faɗi a kan kafaɗar dama, jijiyoyi suka tsinke. Wata da watanni yana jiran layin tiyata, hannu a rataye a wuya. Aka zo aka yi, aka ɗinke. Likitan bai ɓoye masa ba, ya ce ɗinki ɗaya naman nan zai ɗauka. In ya sake yagewa babu abin da za a kama, hannun ba zai ƙara wuce ƙirji ba. Mai duba gada kuwa da hannu yake hawa.

Gashin ƙashi 'yan zuwa kaɗan aka ba shi, sannan aka miƙa masa takarda mai hotuna da igiyar roba aka ce ya ƙarasa a gida. Wurin ninkaya mai ruwan ɗumi da yake zuwa yana motsa hannun, shi ma aka sa masa kwaɗo.

Wata la'asar ina tsaye a taga ina jan carbi. Kun san hunturun can, ƙarfe huɗu rana ta gama sallama. Sai na hango mutum ya karyo kwana ta ƙarƙashin itatuwan nan marasa ganye. Kafaɗa ɗaya a ƙasa, kai a karkace, yana sauraron aljihunsa. Carbin ya suɓuce mini. Mutumin da na yi shekara tara ina gasa wa kafaɗa, wanda aka fita da shi a gabana aka dawo da makara ba kowa a ciki, shi ne yake tahowa a titin Turawa cikin baƙar kwat. Na ji makulli a ƙasa. Na ji taku a matakala, na kuma san takun. Ƙofa ta buɗe, ya yi sallama. Ɗana ne, amma har muryar ta ubansa ce. Na amsa wa bango.

Tun daga ranar lungun ya fara wari. Warin albarushi, da na man kaɗanya a ƙarƙashinsa. Na kira matarsa, ta shinshina ta ce ita dai danshi take ji, za ta yi wa landlord, mai gidan, magana. Harsashin Turawa ba ya irin wannan warin, na san nasa, na sha wanke rigunan farautarsa. In hita mai ɗumama gida ta kama da yamma kuma sai akwatin ya ce ƙwas, ƙwas, sau biyu. Suka ce bututun ruwa ne a cikin bango.

Da bazara ta shigo takarda ta iso. Lokacin sabunta lasisi ya matso, kuma wanda ba ya harba bindigarsa ba shi da hujjar ajiye ta. Likita ya ce ɗinki ya kama, zai iya gwadawa, amma a hankali. Matarsa ba ta so ba.

"Ka sayar da abin nan, don Allah," ta ce. "Ka koma kamun kifi kamar sauran tsofaffi."

"Kifi? Ni? A je gida a ce ɗan maharbi ya ƙare a ƙugiya da tsutsa?"

"Tsutsar ta fi mini da in ƙare rayuwata ina sa maka riga."

Ya yi dariya ya ce, "Ko na sayar, ai gwankin Baba ya riga ya san address ɗinmu."

Matar ta yi tsaki ta wuce. Ni kuwa ina bakin kicin na tsaya cak. Dariyar a leɓe ta tsaya, ba ta shiga ciki ba. A nan na gane, duk bokon nan da gadojin nan, yana ɗauke da gwankin tun yana shekara tara, ranar da ya ga an shigo da ubansa a kan jaki. Kuma ni na bar shi da shi.

Ya fara gwaji a gida, ranar Asabar da rana, labule a rufe, bindiga ba harsashi. Ya kwanta rub da ciki a kan kafet, ya saita wani ɗigo a jikin bango, ya ja kunamar bindigar, ta ce ƙyas. Ba na shiga ɗakin da yake. Amma akwai madubi a lungu da yake ɗauko rabin falon, ta cikinsa nake kallo. Fitila tana can gefensa. Duk sanda yatsansa ya doshi kunama, sai in ga wani siririn haske ya buɗe tsakanin gindin bindigar da rigarsa. Ya buɗe, ƙyas, ya rufe. Ya buɗe, ƙyas, ya rufe. Na ɗaga yatsuna biyu a gaban madubin na auna. Daidai wa daida.

Shi bai sani ba. Kansa ya san abin da ya kamata, kafaɗar ce ta sha wuƙa ta ƙi mantawa. Babu harsashi ma tana gudu, ina ga an ɗura?

Na sa aka kira mini Auta a waya. Na ce, "Ki gaya wa yayanki ya manna ta a jikinsa." Ta kira shi nan take, ya buɗe muryar wayar yana cin abinci, ina ji.

"Yaya, Inna ta ce wai ka manna bindigar a jikinka."

"Ikon Allah. Yaushe Inna ta zama instructor, malamar harbi? Ki ce mata shekara goma sha biyu ina harbi, wannan ai shi ne darasin ranar farko."

"To, ni dai 'yar aike ce, kada ka harbe ni."

Asabar ta zagayo. Haske ya buɗe, ƙyas, ya rufe.

Na rasa inda zan sa kaina. In na yi shiru, hannun ɗana. In na yi magana, na tone mamaci bayan na ce masa ba mai ji, kuma sai na dubi ɗan fari na yi masa magana baki da baki. Warin lungun kullum ƙaruwa yake, har a kan sallayata nake jinsa in na kai goshi ƙasa. Abin da ya fi damuna, ban san me maigida ya zo faɗa mini ba. Ki riƙe bakinki ne, ko ki buɗe?

Wurin da ake yarda a harba irin wannan babbar bindiga wani tsohon ramin fasa dutse ne a bayan Birmingham. Ɗana ya ce zai sauka gidan Auta ranar Juma'a, ya wuce da safe. Na dubi bango na ce, "Ni ma na kwana biyu ban ga jikokina na can ba." Ba wanda ya musa. Na zauna a baya ta hagu, bel ɗin mota ya bi ta kafaɗata ta hagu yana cin wuyana. Bindiga tana but cikin jakarta. Tun daga Manchester har muka shiga Handsworth, unguwar Auta a Birmingham, da gidajenta na jan bulo manne da juna da bas-bas suna numfashi a bakin shagunan doya, rediyo ce kaɗai ta yi magana a motar nan.

Da safe Auta ta ɗauki jakar aikinta ta ce, "Mu je, in ka tarwatse a sami mai tattara ka." Na yafa mayafina na riga su shiga mota.

Ramin yana da faɗi, bangonsa baƙin dutse ne yana tsiyayar ruwa, ga farin hazo mai jiƙa riga ya kwanta a ƙasansa. Ko tsuntsu ɗaya ban ji ba. An kafa jar tuta. Mai kula da wurin wani tsohon Bature ne mai farin gemu, yana magana da ƙarfi irin na wanda kunnensa ya tafi. Ya ba mu abin toshe kunne kamar ƙoƙuna biyu da aka haɗa da baka. Ya nuna wani layi rawaya a ƙasa ya yi bayani, Auta ta ce, "Inna, wai ko da wasa ba a ƙetare wannan." Da na kifa ƙoƙunan nan duniya ta ɗauke. Ba abin da ya rage sai bugun jinina. Sai kuma warin, a filin Allah, nesa da lungunmu.

Ya kwanta a kan shimfiɗa, maza uku suna jere can gefensa da nasu bindigogin. Ya fara gwadawa ba harsashi. Hazon yana bayansa fari fat, ban buƙaci madubi ba. Haske ya buɗe. Ya rufe. Ya miƙa hannu ya ɗauko harsashi.

Na cire ƙoƙunan na ƙetare layin.

Tsohon ya daka tsawa ya ɗaga hannu sama, mazan nan duk suka saki bindigoginsu. Auta tana kira, "Inna! Inna, ba a shiga!" tana juyawa tana ba tsohon haƙuri da Turanci. Ɗana ya ajiye harsashin, ya buɗe bindigar ya bar ta a buɗe. Na durƙusa a gefensa, gwiwoyina a kan jiƙaƙƙen siminti. Na ɗora tafin hannuna a kan kafaɗarsa.

Shekara arba'in da huɗu rabon hannun nan da jikin nan. Ta cikin riga na ji tudun ɗinkin. Na ji naman yana ɓari kamar na akuyar da aka kayar. Ya ƙame. Bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba.

"Kai," na ce. "Cire abin kunnen nan."

Ya cire.

"Ubanka ba gwanki ne ya karya shi ba. Ɗurin yatsa shida ya yi, ya tuna, kafaɗarsa ta ja baya. Shi ya gaya mini da bakinsa, ya ce kada ka ji. Ga shi ka ji. Wannan shari'ar tsakanina da shi ce, ba ruwanka a ciki."

Ya dubi bindigar. Sannan a hankali, "Inna, ni ba tsoro nake ji ba."

"Kai ba ka ji. Wannan tana ji. Ɗaga ta kamar za ka harba."

Ya ɗaga. Ya sa ido a madubin, yatsansa ya doshi kunama. Na zura yatsuna biyu tsakanin gindin bindigar da rigarsa. Suka shige sumul, ba su gogi itace ba, ba su gogi riga ba. Ya sauke ido ya dube su. Ya dube su ya sake dubawa.

"Baba?" ya ce. Muryar ta koma ta ɗan shekara tara. "Baba ya ji tsoro?"

"Sau ɗaya."

Na zare yatsuna. Na kama gindin bindigar na tura shi cikin kwarin kafaɗar, na danna da duk ƙarfin da tsufa ya bar mini, har ya ce wash. "Nan ne wurinta. Rungume ta kamar jaririn da kake tsoron ya faɗi. In za ta ture ka, ta ture ka ku tafi tare. Kada ka ba ta wurin da za ta ɗauko gudu."

Tsohon ya iso kanmu yana huci. Auta ta yi masa bayani tana nuna yatsu biyu. Ya dubi kafaɗar, ya dube ni, ya sosa gemu ya faɗi wani abu.

"Me ya ce?"

"Wai tun gashinsa yana baƙi yake gaya wa mutane haka, bai taɓa tunanin zura yatsa ba. Amma wai ki koma bayan layi, don girman Allah."

Na koma. Na mayar da ƙoƙunan. Ban kalli allon da yake saitawa ba, ban kalli fuskarsa ba. Wuri ɗaya na kafa wa ido. Ya ɗura harsashi. Na ga leɓensa ya motsa da bisimilla. Yatsa ya doshi kunama. Na jira hasken.

Bai buɗe ba.

Ƙarar ta daki ƙirjina duk da toshiyar, bangon dutse ya karɓe ta ya dawo da ita sau biyu. Jikinsa gaba ɗaya ya tafi baya tare da bindigar ya dawo tare da ita, kamar abu guda. A daidai wannan lokacin na ji an hankaɗe ni. Na yi taku ɗaya baya, Auta ta tare ni tana cewa a kunnena, "Ƙara ce kawai, Inna."

Yana kwance bai motsa ba. Na ƙirga numfashina har biyar. Sai ya saki bindigar, ya ɗaga hannun dama. Ya wuce ƙirji. Ya wuce kunne. Ya miƙe sama sosai cikin hazon, ya buɗe yatsu ya dunƙule, ya buɗe ya dunƙule. An ce harbin bai sami tsakiya ba, can ƙasa ya sauka. Wa ya damu? Ya ƙara biyu, ya ce ya isa na yau.

Da muka koma Handsworth Auta ta sa shi ya tuɓe riga ta duba. Ina ɗaki ina jin su.

"Yaya, ko ja babu. Wannan ba daidai ba ne, ya kamata a ga ɗan shaida."

"Baƙin ciki kike yi ban ba ki aiki ba?"

Na shiga banɗaki zan yi alwalar la'asar, sai na ji hannuna na dama ya yi nauyi. Na zame wuyan rigata a gaban madubi. A kwarin kafaɗata ta dama ga baƙin tabo kwance, jini ya taru a ƙarƙashin fata. Ba siriri ba ne irin gindin bindigar ɗana. Mai faɗi ne, da 'yar tsaga a gefe guda. Na san tsagar nan, ta gindin adakar maigida ce. Ni nake shafa mata mai duk ranar da zai shiga daji.

Na kira Auta. Ta duba, ta danna, ta ce, "Bel ɗin mota ne, Inna. Fatar manya ba ta da wuyar tara jini."

Na ce, "A wane gefe na zauna?"

Ta fita ta dawo da ruwan zafi da man kaɗanya. Ba mu ƙara maganar ba, ba mu kuma gaya masa ba. Ko hukuncin karya alkawari ne, ko kuwa abin da ya taso wa ɗana ne aka karkato mini shi, har yau ban sani ba. Ko wanne ne, na karɓa.

Da muka dawo Whalley Range na tsaya a lungu na shaƙa. Danshi kawai. Da yamma hita ta kama, akwatin ya ce ƙwas, ƙwas. Wannan kam ashe bututun ruwa ne.

Kada ku zaci daga nan muka zama abokan hira. Kunya ta koma wurinta, na koma yi wa bango magana. Sai dai bayan kwana uku ina zaune a falo, ya shigo ya ajiye jakar roba ta ruwan zafi a hannun kujerata, ya dubi ƙofar nan mai bulo ya ce, "Mutane dai kafaɗa na damunsu a gidan nan, ba sa faɗa." Ya fita.

To, ga inda kowa ya ƙare. Ɗana aka sabunta masa lasisi, ya yi kaka huɗu yana kawo nama, sannan da kansa ya sayar da bindigar, ba don hannu ba, don ya ce ta ishe shi. Har yanzu yana hawa gadojinsa, kafaɗunsa biyu a daidaice. Matarsa ta cika akwatin ƙarfen da tsintsiya da abin goge ƙasa, kifin kuwa har yau bai kama ko ɗaya ba. Auta tana nan a Handsworth tana jinya, duk sanda ta zo sai ta zame wuyan rigata ta duba. Tsohon Baturen an ce ya rasu, ramin ma ruwa ya cike shi. Adaka tun bayan arba'in ɗin maigida ƙaninsa ya kai wa maƙeri, aka yi fartanya biyu da ita. Maigida yana kwance a gabas da garinmu, kullum ina nema masa gafara ina kuma neman tasa, tun ranar kuwa bai ƙara karyo mini kwana ba. Ni kuma ga ni a gabanku. Tabon ya baje cikin wata guda, amma hannun nan na dama, ku duba, iyakarsa ƙirji.